Yadda Bra Mongezi Ya Zo Na Biyu a Witduin

Duk wanda ya kai mota shagon Bra Mongezi Tyali don a yi masa waldar salansa, kafin a kunna wuta sai ya sha labarin filin tseren Witduin. Ni da shagona ke jikin nasa, na ji labarin nan har kunnena ya yi kanta. Abin da ke ba ni haushi, bai taɓa bayar da shi daidai ba, alhali duk duniya babu wanda ya san gaskiyarsa kamata. Sunana Kerneels, ni ne mai janwen filin. Bra ɗin da muke ce masa kuwa, a wajenmu kamar a ce Yaya ne. Shekara goma sha bakwai Bra Mongezi yana shiga tsere a Witduin, shekara goma sha bakwai ina dawo da shi a bakin igiya.

Ba wai motarsa ba ta gudu ba ne. Tsohuwar mota ce ja, ya yi mata salansar da in ya tayar da ita karnukan unguwa uku suke amsawa. A jikin ƙofarta ya rubuta sunan da ya raɗa wa kansa da farin fenti: Tsawar Witduin. Filin kuwa na gudu ne zalla. Miƙaƙƙiyar hanya ce doguwa da ta gangara ta nufi ruwa, sai wata kwana mai faɗi a ƙarshenta da muke kira Kwanar Teku. Gwanayen direbobi ma sai sun ɗan taɓa birki kafin su shige ta. Shi kuwa Bra Mongezi aƙidarsa ɗaya ce, kuma ba ya ɓoye ta.

"Birki na matsorata ne, Kerneels. Don 'yan koyo aka sa shi, da masu kai yara makaranta."

Da wannan aƙidar na ciro shi daga tulin tayoyin kariya, na ciro shi daga rairayi, na ciro shi daga kwalbati. Wata shekara daga jikin ɗakin bahayan 'yan kallo na janyo shi, da mutum a ciki. Ko sau ɗaya bai taɓa kaiwa layin ƙarshe ba. In ka tambaye shi, laifin taya ne, ko iska, ko wani ɗan baƙin ciki da ya zubar da mai a hanya.

A ƙungiyarmu kuma akwai al'ada. In an tashi tsere an hura wutar braai, wato ta gashin nama, direban da janwe ya jawo ranar sai a rataya masa tsohuwar igiyar ja a wuya, ya ci namansa da ita har a watse. Igiya ce mai kauri da ta sha baƙin mai. Wasu sun rataya ta sau ɗaya, wasu sau biyu. Bra Mongezi kuwa ta yi masa shaida a wuyan riga, har yara suna kiranta sarƙar Bra Mongezi.

To, sai ga shi an sayar da filin, wai za a gina gidajen hutu a bakin tekun. Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, shugaban ƙungiya, wanda tun muna yara shi ke kaɗa tutar ƙarshe mai zanen baƙi da fari, ya tara mu ya faɗa mana.

"Tseren Disamba shi ne na ƙarshe," in ji shi. "Kofi, wanda ya ci ya tafi da shi. Igiya kuma, wanda Kerneels ya jawo ranar, ta zama tasa har abada."

Babu wanda ya ce a yi, amma duk ɗakin aka juya aka kalli mutum ɗaya.

"Me kuke kallona?" in ji Bra Mongezi. "Ku kalle ni da kyau, don ranar sai dai ku ga ƙurata."

Washegari na leƙa shagonsa na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya, ya yi tagumi. Ban saba ganinsa haka ba.

"Kerneels," ya ce a hankali, "ka san ban taɓa ganin tutar nan ta gilashin motata ba? Kullum daga gefe nake hango ta, ana kaɗa wa wasu. In suka fasa kwaltar nan, shi ke nan, haka za a riƙa faɗa wa jikokina."

Na ji tausayinsa ƙwarai. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri ke nan sai ya yi zumbur ya miƙe, ya buga cinya.

"Amma na samo dabara! Dabarar da kan Oom Stoffel ba zai ɗauka ba ko ya shekara yana tunani!"

Tseren ƙarshe na kowa da kowa ne, irin wanda ake ba marasa gudu rata. Da safe kowa zai zaga a auna gudunsa. Da yamma sai a fara sakin wanda ya fi kowa nawa, a bi da na bayansa, masu gudun gaske su tashi a ƙarshe, don a iso layi a dunƙule. Kullum wadda ake fara saki ita ce Tannie Marlize, wato Gwaggo Marlize, wata tsohuwar nas mai 'yar shuɗiyar mota, wadda ke tuƙi hannu biyu a sitiyari kamar za ta coci. Ba ta taɓa ci ba, ba ta kuma taɓa ganin igiya a wuyanta ba.

"Da safe zan yi tafiyar hawainiya," in ji Bra Mongezi, yana raɗa kamar akwai mai saurare a cikin salansa. "Su auna, su ce tsohon nan ya ƙare, su sake ni tare da Tannie Marlize. Da yamma in buɗe mata wuta! Kafin samarin nan su sa giya ta biyu ina cin wors, gasasshen naman hanjin nan, da kofi a hammata."

Matarsa Sis' Nolitha, wadda ke soya vetkoek, wani irin fanke, a ƙofar shagon, ashe duk tana ji.

"Baban Lwazi, kai da ko addu'ar cin abinci ba ka iya jira a ƙare, kai ne za ka yi tafiyar hawainiya?"

"Ke dai soya abinki, mata ba su san tsere ba."

"Na san wankin rigar da baƙin mai ya ɓata a wuya. Shekara goma sha bakwai ina yi."

Ranar ta zo, garin ya yi kyau, iskar teku na kaɗawa. Tun da sassafe jama'a suka cika tudun da ke kallon Kwanar Teku, kowa da gasasshen namansa da akwatin ƙanƙararsa. Na ajiye janwena a inda na saba, daidai wurin da Bra Mongezi ya fi son faɗawa.

Aka sake shi don awo. Ya taho a miƙaƙƙiyar hanya, na ji ƙarar injin ta sauka maimakon ta hau. Sai wani irin kuka ya tashi, ƙiiii, kamar an take wutsiyar alade. Birkin motar ne, wanda bai taɓa yin aiki a filin nan ba. Tudu ya ɗauki sowa.

"Tsawa ta koma yayyafi!"

"Bra Mongezi, ƙwai ka ɗauko a but?"

"A'a, gawa ce, ku cire huluna!"

Ta tagar motar na hango shi ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma ya daure. Ya shiga Kwanar Teku tayoyinsa huɗu a kan kwalta, ya fita tayoyinsa huɗu a kan kwalta. Ni da na riga na tayar da janwe don sabo, sai na kashe, na zauna baki buɗe. Haka ya bi sauran kwanonin ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ciyawa ba, bai juya ba, bai gaisa da taya ko ɗaya ba.

Ya dawo rumfar gyara, ya cire hular kwano yana ƙyafta mini ido. "Ka ga aiki? Na rantse har barci ya fara ɗaukata."

Sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Jama'a, ku saurara! Mongezi Tyali ya yi zagayen da bai taɓa yin mai saurinsa ba tun da ya fara taka filin nan! Don haka da yamma zai tashi a sahun baya, tare da masu gudu. A tafa wa Tsawa!"

Ashe duk shekarun nan abin da yake samu a miƙaƙƙiyar hanya, a cikin ciyawa yake zubar da shi. Yau da ya bi kwalta kawai, sai lissafi ya fito. Aka yi ta tafi, shi kuwa ya tsaya da hula a hannu, bai san ko ya yi kuka ko ya yi rawa ba. Ratar da ya ƙulla wa dabara ta tafi.

Oom Stoffel ya taho ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, abin da ka yi da safen nan, maimaita shi kawai da yamma. Ba za ka ci kofi ba, amma za ka ga tutata."

"Gaya masa dai, Stoffel," in ji Tannie Marlize, tana goge gilashin motarta da hankici. "Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba, Tannie!" Bra Mongezi ya farfaɗo, ƙirjinsa ya fara kumbura. "Tsaya ma tukuna. Kun ji abin da aka faɗa kuwa? Ina tafiyar hawainiya fa ke nan! In wannan ne sannuna, to, ku ƙiyasta saurina!"

Nan na san magana ta lalace. Hali zanen dutse.

"Sun ƙwace mini rata," ya ce da ni, ya ja ni gefe. "To, zan karɓo ta ta wata hanya. Nauyi ne ke cin gudu, Kerneels. Miƙo sifana."

Masu duba motoci sun riga sun gama aikinsu tun da safe, sun tafi cin nama. Bra Mongezi ya tuɓe riga ya faɗa wa motar nan kamar mahauci ya samu sa. Bamban gaba ya fara sauka, sai waifa, sai hon. Ya kwance ƙusoshin ƙofa ya ɗaure ta da waya. Ya cire makullan bonet, ya aika gida aka tsinko igiyar shanyar Sis' Nolitha, ya ɗaure shi da ita. Salansar da yake taƙama da ita ma ya yanke rabinta. Daga nan ya kama madubai.

"Haba, Bra Mongezi, madubi nawa nauyinsa yake?"

"Ba nauyin ba ne, ƙa'ida ce. Wanda ke gaba me zai kalla a baya?"

Ya sa tiyo a tanki ya zuƙe rabin man, ya juye a jarka, har ya ƙware yana tari.

"Baban Lwazi, man nan zai kai ka kuwa?" in ji Sis' Nolitha, ta zo da kwanon vetkoek a hannu.

"Mai saurin isa ba ya shan mai da yawa. Lissafi ne, ba za ki gane ba. Ɗauke abincin nan ma, kowace loma nauyi ce."

"To, ka cire bakinka mana, ai shi ya fi komai nauyi a motar."

Jama'a sun riga sun kewaye mu suna dariya. Ganin an taru, sai ya tsuguna gaban motar, ya kwance ƙugiyar ƙarfen nan da nake ɗaura igiya a jiki. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, sannan ya danƙa mini a hannu.

"Kerneels, ga tsaraba. Ka riƙe ta don tunawa. Daga yau ni da kai sai dai gaisuwa."

"Bra Mongezi, mayar da abin nan."

"Ka sa ta a aljihu, maƙwabci. Ka nemi wata sana'a."

Na sa ta a aljihu. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Da la'asar aka jera motoci. Oom Stoffel ya saki Tannie Marlize, ta tafi abinta a natse. Aka bi da sauran ɗaya-ɗaya. Da aka zo kan Bra Mongezi, motar ta yi wata irin ƙara da guntuwar salansarta har jarirai suka fashe da kuka a tudu. Ya bar baƙin layi biyu a kwalta ya ɓace cikin hayaƙi.

Gaskiya ɗaya ce, a zagayen farko ya ba mutane mamaki. Ya wuce mota uku a miƙaƙƙiyar hanya kamar a tsaye suke. Sai dai su ukun sun sha Kwanar Teku, shi kuwa ya bi ta cikin ciyawa ya dawo da kara a gaban mota. A zagaye na biyu wayar ƙofa ta tsinke, ƙofar ta yi nata wuri da Tsawar Witduin a rubuce a jikinta, ta faɗa kusa da wasu masu gasa kifi. A na uku ya juya sau biyu a ƙaramar kwanar baya, injin ya mutu, ya tsaya yana kallon inda ya fito. Kafin motar ta yarda ta tashi, duk wanda aka saki a bayansa ya wuce, har da wani yaro da ranar ce farkon shigarsa tsere.

Ya dawo kan hanya ya sake taka totur har ƙasa. Ya duba gabansa, babu kowa. Ya sake zagayowa, babu kowa. Madubi kuwa yana rumfar gyara. Sai mutumin naku ya yanke hukunci cewa ya wuce kowa ne cikin hayaƙi bai lura ba. Ta ramin da ƙofa ta bari ya fara ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara.

Mutanen tudu suka miƙe suna nuna masa baya. "Suna bayanka! Tannie Marlize ta kusa zagayo ka!"

Shi kuwa da hular kwano da ƙarar salansa, ganin hannuwa kawai yake. Ya dunƙule hannu ya jijjiga musu.

Aka shiga zagayen ƙarshe, Tannie Marlize na kan gaba a karon farko a rayuwarta, samari na binta a baya kamar ƙudan zuma. Bra Mongezi na can gabansu da kamar rabin fili, yana gangarowa Kwanar Teku da duk abin da Allah ya hore wa injin. Daidai nan igiyar shanya ta ce ita fa don kamfai da zanin gado aka yi ta. Bonet ya tashi ya rufe gilashi ruf.

Wani direba da sai ya taka birki. Bra Mongezi bai ga dalili ba. Ya wuce ta gabana a miƙe, ya tsallake rairayi, ya ratsa shingen gonar da ke maƙwabtaka da filin, ya shige tsakiyar shanu. Bonet ya fice ya yi gefe. Na hango jar mota tana kewaya cikin makiyaya, sai ta sake fasa shingen ta wani wurin, ta hau kwalta tana jan waya da turaku uku a baya.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, mai gonar nan da jar a-kori-kura yake kai wa shanunsa abinci kowace yamma, mai fasasshiyar salansa, kuma aikin shagon Bra Mongezi ce. Da shanu suka ga jar mota suka ji ƙarar da suka sani, sai suka ɗaga wutsiya suka bi ta. Garke guda ya kwararo ta ɓarakar shinge. Da suka ga abinci ya yi musu nisa, suka ji ɗumin kwalta a ƙafa, sai suka yi abin da shanun ƙasar nan suka saba yi a kan titi: suka kwanta suna tuƙa.

Jajayen tutoci suka tashi ko'ina. Tannie Marlize ta taka birki ta tsaya hancin motarta a gaban wata saniya, sauran motoci suka jeru a bayanta. Babu hanya ko ta keke.

Mota ɗaya ce tak ta rage a gaban shanu. Bra Mongezi ya ga jajayen tutoci ana ta kaɗawa, ya ce ai launin motarsa ne, karramawa ce. Ya sha kwanar ƙarshe, ya fuskanci ɗan hawan da ke kaiwa layi. Ga Oom Stoffel can a kan dakalinsa da tuta a hannu. Na rantse har ni sai da na miƙe a cikin janwe ina cewa, "Je ka, maƙwabci, je ka!"

Motar ta yi tari. Ta sake yin tari. Ta yi shiru.

Rabin man da zai ƙarasa da shi yana cikin jarka a rumfar gyara, kusa da madubai.

Duk filin aka yi tsit, har kukan tsuntsayen teku ana ji. Bra Mongezi ya diro ta inda babu ƙofa, ya sa kafaɗa ya fara turi, don doka ta yarda direba ya tura motarsa shi kaɗai. Jama'a suka ɗauki ihu suna ba shi ƙarfi. Ta matsa taku biyu. Amma mutumin da ya ƙi cin vetkoek tun safe, ga hawa, ga turaku uku a baya, ina zai kai? Ƙafarsa ta zame, motar ta fara komowa. Ya yi tsalle gefe, ta wuce shi, ya bi ta da gudu yana kiran sunanta. Wayar shinge ta naɗe tayar baya, motar ta yi kwana da kanta, ta je ta cusa hanci cikin tulin tayoyi, ta bar gindi a waje.

Lasifika ta ce, "Kerneels, ana nemanka. Ka san wurin, ka san mutumin."

Na zaga ta bayan tudu na iso. Na tarar da shi zaune a kan kwalta yana haki. Na fito da igiya, sannan na laluba aljihu na fito da ƙugiya.

"Ga tsarabarka. A ina zan ɗaura?"

Ya kawar da kai. Gaban motar na cikin tayoyi, ba bamba, ba ƙugiya. Dole na yanke wayar shinge na ɗaura igiya a ƙarfen baya.

"Da baya za ka ja ni? A gaban mutanen nan?"

"Sai dai in kana so ka kwana nan har masu ginin su zo."

"To, bi ta hanyar rumfa, kada ka bi ta gaban jama'a."

Muka duba hanyar rumfa. Wani ƙaton bijimi ya kwanta a bakinta yana kallonmu kamar shi ya sayi filin. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce ta layin ƙarshe.

Haka muka hau, ni a gaba, shi a baya yana tafiya da baya, ba madubi, ya leƙo da kai ta ramin ƙofa yana murza sitiyari, motar na yin dama da hagu kamar akuyar da ake ja kasuwa. Dariyar da aka yi ranar, wasu har da kwanciya a ciyawa.

Da muka kusa layi na ga Oom Stoffel ya dubi can ƙasa inda motoci suka tsaya a bayan shanu, ya dubi rana da ta kusa faɗawa teku, ya dubi tutar hannunsa. Ya gane babu wata mota da za ta sake tsallake layin nan har abada. Sai tsohon ya gyara tsayuwa, ya ɗaga tuta, ya kaɗa ta da duk ƙarfinsa.

A kan janwena ta fara sauka. Sai jar mota ta biyo.

Direban da ya ci tsere ƙiftawar ido yake ganin tutar nan ya wuce. Bra Mongezi kuwa, da yake da baya yake tafiya, yana tsallake layi sai ga shi fuska da fuska da ita, ta cika masa gilashi. Na hango shi ta madubina ya mayar da kai ciki ya daina murza sitiyari. Na ɗaga ƙafa, na bar janwe yana rarrafe, Oom Stoffel kuma bai daina kaɗawa ba. Dariya ta koma tafi. Da na tsaya na zo kwance igiya, na tarar idanunsa sun yi ja.

"Hayaƙin janwenka ne," ya ce. "Ka kawo in duba maka salansa."

Da aka hura wuta, alƙalai suka ce tunda an tsayar da tsere, za a koma ga zagayen da ya gabata, don haka kofi na Tannie Marlize ne. Ta karɓa, ta ajiye, ta ce a ba ta igiya ita za ta rataya masa da hannunta.

"Shekara ashirin ina jiran a kaɗa mini tutar nan ni kaɗai, Mongezi, ka sa na ƙare ina kallon hancin saniya. Sunkuyo!"

Ya sunkuya. Ta rataya, ta ƙara ja kaɗan fiye da yadda al'ada ta ce.

"Sauri ya haifi nawa," in ji Oom Stoffel, yana juya wors a wuta.

"Garin neman gira an rasa ido," in ji wani.

"Ni dai a biya ni igiyar shanyata," in ji Sis' Nolitha. Amma ta cika masa faranti, ta zauna kusa da shi.

Ya ci vetkoek huɗu a jere, kansa a sunkuye. Muka fara zaton yau kam bakin ya mutu. Sai ya goge hannu a jikin igiya, ya ɗago.

"Oom Stoffel, tambaya ɗaya. Mota nawa ka kaɗa wa tuta yau?"

"Biyu."

"Ta farko?"

"Janwen Kerneels."

"Ta biyu fa?"

Kafin Oom Stoffel ya amsa, Tannie Marlize ta ɗauki abin juya nama ta bi Bra Mongezi da shi, ya zaga wuta da gudu, igiya na reto a wuyansa.

Yanzu gidaje ne a Witduin, Kwanar Teku ta zama wurin ajiye motocin baƙi. Igiyar tana rataye a bangon shagon Bra Mongezi, sama da ƙofar nan mai rubutun Tsawa da masu gasa kifi suka dawo masa da ita. Jiya ma ina ji ta bango yana ba wani saurayi labari.

"Tseren ƙarshe da aka yi a filin, ni na zo na biyu. Je ka tambayi kowa."

"Kai, Bra Mongezi! To, wa ya zo na ɗaya?"

"Wancan na shagon kusa," in ji shi, ya ɗaga murya don in ji. "Amma tsawon igiya ɗaya kawai ya ba ni. Kuma ka sani, ni da baya nake tafiya."